Kwaɗo uku a bakin akwati: lissafin dukiyar jama'a a Madawa, Buza da Keita

An shafe fiye da shekaru 40 ana gina madatsun ruwa, rijiyoyi da mangazoji a ƙasar Adar da Majiya. Waɗansu sun ɗore, waɗansu sun rushe. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne littafin lissafi da kuma idon da ke duba shi.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tamaske, ko ta Sabon Gida, ko ta Tabotaki, ya san ƴar takardar nan da mai karɓar haraji ke yagowa yana miƙa wa ƴan kasuwa. Tun hantsi bai dubi ludayi ba yake bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya: mai tumatir ta biya, mai rago ya biya, mai amalanke ma ya biya. Kowa ya san aljihun da kuɗin suka fito, amma kaɗan ne suka san inda suke kwana. Alhali kuwa takardar nan tana ɗauke da lamba, kuma gindinta yana nan maƙale cikin littafin da aka yago ta. Idan an yagi tikiti 300, to kafin rana ta faɗi wajibi ne kuɗin tikiti 300 su isa hannun ma'aji, a rubuta, a sa hannu. Ilimin lissafin dukiyar jama'a, da dukkan manyan littattafansa, daga nan ya soma.

Maganar ba ƙarama ba ce. Gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, suna da ƙananan hukumomi 17: shida a Madawa, bakwai a Buza, huɗu a Keita. Ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutane sama da miliyan 1 da dubu 300 a cikinsu. Ban da ma'aikatun magajin gari, akwai ƙungiyoyin gama-kai na manoma, kwamitocin gidajen likita da na makarantu, bankunan hatsi, da kuma fataken albasa waɗanda ke juya miliyoyi a kowace kaka. Dukkansu suna riƙe da kuɗin da ba na mutum guda ba, kuma tambaya guda ce ke bisa kansu: wa ke rubutawa, wa ke dubawa, gaban wa ake karantawa?

Rubutawa daban, sa ido daban

Ya kamata mu bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Na farko shi ne lissafi, wato rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ranar da ya auku, tare da takardar shaida. Wannan tsohuwar al'ada ce. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. A Turai kuma, a shekarar 1494 ne wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa a birnin Banis bayanin tsarin da fataken can ke bi, inda ake rubuta kowane ciniki sau biyu, inda kuɗi suka fito da inda suka nufa, ta yadda kuskure ko ha'inci zai tona kansa idan ɓangarorin biyu suka ƙi daidaituwa. Har gobe bisa wannan tsari kamfanoni da baitulmali ke tafiya.

Na biyu shi ne sa ido kan tafiyar da aiki. Lissafi baya yake kallo, yana faɗin abin da ya riga ya wuce. Sa ido kuwa yana aza abin da aka yi niyya kusa da abin da aka samu, tun da sauran lokacin gyara. An ce kasuwa kaza za ta kawo kuɗi kaza a wata uku, nawa ta kawo? An ce aji guda zai ci kuɗi kaza, nawa ya ci, kuma me ya sa? Littafi yana iya zama tsaf babu kuskuren dala ɗaya, amma aikin da aka kashe wa kuɗin ya zama na banza. Haka kuma shugaba yana iya zama mai gaskiya, amma rashin awo ya sa shi tafiya cikin duhu har asusu ya ƙafe bai ankara ba. Saboda haka mai cewa a kawo lissafi ba zargin kowa yake yi ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, haka nan yarda da ma'aji ba ta hana a ƙirga abin da ke cikin akwati.

Abin da aka gani jiya

Manoman wannan yanki ba baƙin ƙungiya ba ne. Tun 1962 aka kafa hukumar UNCC domin tsara ƙungiyoyin gama-kai da rance a karkara, daga baya aka buɗe asusun rancen noma na CNCA. An raba garmuna, taki da iri bisa bashi. To amma littattafan suna hannun ma'aikata, cikin Faransanci, manomi kuwa bai iya karanta abin da aka rubuta da sunansa ba. Da bashi ya taru bai dawo ba, sai asusun ya durƙushe. Babban bankin raya ƙasa na BDRN ma bai tsira ba, an rufe shi a 1990 bayan ya nutse cikin basussukan da aka kasa karɓowa. Dattawa da yawa tun daga lokacin suke yi wa duk wata sabuwar ƙungiya kallon hadarin kaji.

Madatsar ruwa ta Ibohaman, cikin gundumar Keita, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1960, ta koyar da wani darasin. Bayan taron Damagaram na 1982, gwamnati ta miƙa ragamar filayen noman ban-ruwa ga ƙungiyoyin manoma, hukumar ONAHA tana ba su shawara. Daga nan kuɗin ruwa da kowane manomi ke biya bayan girbi suka zama jinin jikin aikin. A cikin kuɗin nan akwai na gyaran magudanai, akwai na ma'aikata, akwai kuma wani kaso da ake kira kuɗin tsufan kaya, wanda ake ajiyewa domin ranar da ƙofar ruwa ko inji zai mutu. Wannan kason shi ne ya fi saurin salwanta a ko'ina, domin babu mai zuwa yau ya tsaya bakin ƙofa yana nemansa. Sai ranar da abu ya lalace a buɗe asusu a tarar da wayam.

Sai kuma Furoje Keita, wanda ya soma a 1984, shekarar yunwar da jama'a suka laƙaba wa suna El-Buhari. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta jagoranci aikin, hukumar PAM kuma ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Mata ne suka fi yawa a fagen aiki, kasancewar maza sun tafi cin rani. An dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da fako fiye da hekta 30,000, an gina madatsu, rijiyoyi da hanyoyi, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da awo mai tsanani: ana rubuta sunan wadda ta zo, ana ƙirga ramukan da aka haƙa, ana auna rabon abinci bisa kwanakin aiki. Sai dai lissafin kowane furoje sama yake kallo, wajen mai ba da kuɗi a Roma da Yamai. Ranar da motoci suka tafi, sai tambayar da ba ta cikin rahoto ta taso: nawa ne kuɗin kula da madatsa guda a shekara, kuma cikin kasafin wa za a rubuta su? A kwarin Majiya ma, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa jerin dogon yaro domin tare iska tun 1975, da itatuwa suka isa sara sai aka shiga muhawarar wa ke da icen, kuma yaya za a raba kuɗinsa tsakanin mai gona da gari. Gini yana da wuya, riƙo ya fi shi.

Makullan da doka ta tanada

Zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yulin 2004 ya kawo asusun jama'a kusa da masu shi. Garuruwa irin su Garhanga, Allakai, Karofan, Bangi da Urno suka samu majalisa, magajin gari da kasafin kuɗi na kansu. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010 ta tattara ƙa'idodin wuri guda, kuma ginshiƙinsu shi ne raba hannu biyu. Magajin gari shi ke ba da umurnin karɓa da na biya, amma ba shi da ikon taɓa kuɗi. Ma'aji shi ke riƙe kuɗi, amma ba ya fitar da ko dala sai da umurni a rubuce, da takardun shaida, da tabbacin cewa an tanadi abin cikin kasafi. Idan ya biya ba bisa ƙa'ida ba, daga aljihunsa zai maido. Wanda duk ya riƙe kuɗin hukuma ba tare da an naɗa shi ba, doka tana ɗaukarsa tamkar ma'aji, ta nemi lissafi a hannunsa.

A ƙarshen shekara kowannensu yana kawo nasa littafi. Magajin gari ya nuna abin da ya yi umurni, ma'aji ya nuna abin da ya karɓa da abin da ya biya, kuma dole littattafan biyu su yi daidai kafin majalisa ta amince. Sama da su akwai wakilin gwamnati a gunduma mai duba halaccin kasafi, da masu bincike na ma'aikatar cikin gida, da Kotun Ƙididdiga wadda aka kafa a 2010 domin hukunta lissafin ma'ajiya. Doka ta kuma buɗe zaman majalisa ga jama'a, ta ba ɗan ƙasa damar neman ganin kasafi da lissafin garinsa. A bisa takarda dai makullan sun cika.

To ina ruwa ke yoyo? Wuri na farko shi ne rajistar masu biyan haraji. Gwamnatin Seyni Kunce ta soke harajin kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, amma harajin gunduma ya saura, shi ne ya rikiɗe ya zama harajin ƙaramar hukuma, wanda aka daɗe ana karɓa dala 140 ga kowane baligi a karkara, ta hannun hakimai da masu gari. Mu ɗauki misali domin fahimta. Ƙauye mai mutum 1,000 a rajista ana sa ran zai kawo jika 700. Amma Adar ƙasar cin rani ce: wani yana Abijan, wani yana Legas, wani ya haura Libiya, wani kuma ya rasu ba a goge sunansa ba, ga samarin da suka balaga ba a shigar da su ba. Idan aka rubuta jika 700 cikin kasafi aka karɓo 400, ba albashi ne zai jira ba, ba kuma man mota ba. Rijiya ce za ta jira, da rufin aji. Ta haka kason da doka ta ce a keɓe wa ayyukan raya gari yake zama adon takarda. Kasafin da aka gina bisa fata, tun ranar da aka jefa masa ƙuri'a ya karye.

Wuri na biyu shi ne kasuwa da tasha. Inda babu mai ƙirga littattafan tikiti da aka fitar da waɗanda aka maido, inda ake karɓar rabin kuɗi ba tare da yagar takarda ba, inda aka ɗauki mai karɓa domin ya yi wahala lokacin yaƙin zaɓe, babu wanda zai iya faɗin ainihin abin da kasuwa ke kawowa. Wuri na uku shi ne jinkiri. Lissafin da aka kammala shekara biyu ko uku bayan an kashe kuɗin ya zama tarihi, ba ya hana ɓarna. A sa cikin wannan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, domin ƙaramar hukumar karkara ba ta da ƙarfin riƙe akawu mai zurfin ilimi, ga kuma tallafin gwamnati, wanda aka kafa hukumar ANFICT a 2008 domin rarraba shi, da ba kullum yake isowa kan kari ba. A 2016 an ƙara wa ƙananan hukumomi nauyi a fannonin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Kaya ya ƙaru, jakin kuwa shi ne na da.

Gidajen likita sun ɗanɗana irin wannan. Tun dokar 1995 marar lafiya ke biyan wani abu, kwamitin gari yana riƙe asusun domin sake sayen magani. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biya, tare da awon ciki ga mata, bisa alkawarin za ta maido wa gidajen likita kuɗinsu. Niyya ce mai kyau, amma da biyan ya riƙa jinkiri, sai aka samu asusun da littafinsa ke cewa yana da dukiya alhali kantar magani babu kome. Duk ma'ajin da bai raba kuɗin hannu da bashin da ake bi ba, zai ruɗi kansa ya ruɗi jama'a.

Albasa: ciniki mai yawa, riba a duhu

Mu bar ofis mu shiga fadama. Kwarin Tarka a Madawa, da garake na Tamaske da na Majiya, suna cikin wuraren da ke ciyar da kasuwannin Abijan, Akara da Kumasi da albasar nan ja da aka sani da sunan Galmi. Kuɗi masu yawa ke wucewa ta hannun manoma, dillalai da masu manyan motoci, amma ka tambayi manomi nawa buhu guda ya ci masa kafin ya kai shi kasuwa, da wuya ka samu amsa. Zai tuna kuɗin iri da na taki da na man inji. Ba zai sa guminsa da na ƴaƴansa ba, ba zai sa abincin ƴan ƙwadago ba, balle tsufan injin ban-ruwa. Alhali kuwa injin da aka saya, a misali, jika 100, wanda zai yi rani huɗu, kowane rani yana cin jika 25 ko an gani ko ba a gani ba. Wanda bai fitar da waɗannan ba, uwar kuɗinsa yake ci yana kiranta riba.

Awo ma yana da nasa rikici. An daɗe ana sayen albasa da buhu, ba da sikeli ba, kuma buhun nan mai hula, wanda ake ɗinka wa ƙari a baki, yana haura kilo 100 nesa ba kusa ba. Mai saye ya san nauyin da zai sauke a bakin teku, mai sayarwa kuwa buhu kawai ya ƙirga. Dalilin ke nan da ya sa aka gina cibiyoyin cinikin albasa, har da ta Madawa, domin a auna, a rubuta, a san farashi, ƙaramar hukuma kuma ta san abin da ya fita daga ƙasarta. Haka batun ajiya yake. Kowa ya san albasa tana arha lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada bayan damina. Amma wanda ya zuba ta cikin rudu dole ya san buhu nawa ya shigar, nawa ya fitar, nawa suka ruɓe, nawa suka rame, kafin ya ce ajiyar ta biya shi.

Doka ba ta manta da ƴan kasuwa ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA ranar 17 ga Oktoban 1993, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17. Tsarin lissafinta da aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kuma ya yi wa ƙananan ƴan kasuwa sauƙi: mai saye da sayarwa wanda cinikinsa bai kai miliyan 60 na sefa a shekara ba, ya isar masa ya riƙe littafin shiga da fita, da na bashi, da ƙidayar kaya a ƙarshen shekara. Ga ƙungiyoyin gama-kai, dokar da aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamban 2010 ta wajabta kwamiti biyu: mai gudanarwa da mai sa ido, kuma ba a yarda mutum guda ya zauna cikin duka biyun ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma an yi musu nasu tsarin lissafi, wanda aka amince da shi a Yamai cikin Disamban 2022. Abin takaici, a ƙungiyoyi da yawa kwamitin sa ido suna ne kawai da aka cika domin samun takardar izini, kuma sau da yawa ƙanen shugaba ne ko surukinsa. Ranar da banki ya nemi littafin shekara uku kafin ya ba da rance, a ranar ake gane amfanin kayen da aka raina.

Darasin da mata suka bayar

Abin mamaki, tsarin da ya fi kowane ɗorewa a karkararmu ba daga ofis ya fito ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan jihar Maraɗi bisa tushen adashen gargajiya, aka sa wa abin suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu zuwa jihar Tawa da sauran jihohi, har ya ƙetare iyaka ya zama abin koyi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata wajen 30 ne ke haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ba mai bukata rance ta maido da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba.

Sirrin yana ga akwatin. Na ƙarfe ne, da kwaɗo uku, kuma makullan suna hannun mata uku daban, ita kuwa mai ajiyar akwatin ba ta da ko guda. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi da babbar murya, a faɗi abin da ya rage, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi taro nawa aka bari. Yawancin matan farko ba su yi lakkwal ba, da ka suke riƙe lissafi, amma kowace ta san wadda ta ci bashi da ranar biyanta. Mai karatu zai lura cewa duk ƙa'idodin da manyan dokoki suka zayyana suna nan: an raba mai riƙo da mai buɗewa, ana binciken asusu a kan kari, ana karanta sakamako gaban masu dukiya cikin harshen da suke ji.

Irin wannan dabara ce ta riƙe tsarin jinginar amfanin gona da wani shirin FAO ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma su tara hatsi ko wake cikin mangaza, asusun rance ya ba su kuɗi, a rufe ƙofa da kwaɗo biyu, makulli guda wajen ƙungiya, guda wajen mai ba da rance. Babu mai shiga shi kaɗai. A gefe guda kuma, bankunan hatsi da yawa da aka buɗe bayan shekarun yunwa sun mutu cikin ƴan shekaru, saboda makulli guda ne, a aljihu guda, ana ba dangi da manyan gari bashin da babu mai ƙarfin halin tambaya.

Abin da ya rage a yi

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja sun kafa hukumar CoLDEFF domin ƙwato dukiyar ƙasa, kuma a watan Afrilun 2024 suka rusa majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi. Kowa yana da ra'ayinsa kan wannan mataki, kuma ba a rasa magadan gari da binciken ma'aikatar cikin gida ya kama da laifi a shekarun baya ba. Sai dai ta fuskar lissafi abu guda a fili yake: majalisa tana cikin makullan akwatin, kuma duk inda aka cire kwaɗo guda, wajibi ne a ƙarfafa sauran. Bincike daga Yamai yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Idon da ke hana ta aukuwa shi ne na mutanen da ke zaune a wurin.

Abubuwan da ake bukata ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. A sabunta rajistar haraji tare da hakimai, a gina kasafi bisa abin da aka karɓa a shekarun baya. A ƙirga littattafan tikiti ranar fita da ranar dawowa, a riƙa sauya wa masu karɓa kasuwa, sa'an nan a kafa allo a bakin kowace kasuwa a rubuta abin da ta kawo a wata. Kowane wata uku a aza abin da aka tsara kusa da abin da aka samu, a karanta shi da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon karkara da dandalin gari. Duk wanda zai gina madatsa ko famfo, a nemi ya faɗi kuɗin kula da shi a shekara da kuma asusun da za su fito, tun kafin a aza tubalin farko. Ƙungiyoyin manoma kuma su zaɓi masu sa ido daga wajen gidan shugaba, su ɗauki ɗaya daga cikin ƴaƴansu da suka yi karatu su koya masa riƙon littafi, su biya shi.

Talaka ba ya ƙin biyan haraji domin rowa. Mutanen Adar da ke cin rani suna tara kuɗi daga Abijan su aiko a gina masallaci ko a haƙa rijiya a garinsu, domin sun san wanda ya karɓa, kuma za su ga ginin da idonsu idan sun dawo. Ranar da mai tumatir ta Tabotaki za ta ji a rediyo abin da kasuwarta ta tara da abin da aka yi da shi, ita da kanta za ta tsare mai karɓa ta ce ya yago mata tikitinta.